Shin Dole Sai da Masana'antu Ƙasa Za Ta Fita Daga Talauci?

Wani ɗalibin jami'a ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, a aji kullum ana nanata mana cewa babu ƙasar da ta yi arziki ba tare da masana'antu ba. To amma ga Dubai, ga Indiya da aikin kwamfuta. Mu kuma nan an gina masaƙu a Kaduna, an gina kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, duk sun zama kufai. Shin da gaske masana'antu ne ke ɗaga tattalin arziki, ko dai zancen littafi ne?"

Ɗan'uwa, malamanka suna da gaskiya, sai dai rabin labarin suka ba ka. In ka ɗebe ƙananan ƙasashe masu mai ko lu'ulu'u ko tashar jiragen ruwa, kusan duk ƙasar da ta fitar da jama'a masu yawa daga talauci cikin shekaru ɗari biyun da suka wuce ta bi ta ƙofar masana'anta: Ingila, Jamus, Amurka, Japan, Koriya ta Kudu, Taiwan, Sin, yanzu kuma ga Biyetnam. Rabin da ba a faɗa maka ba shi ne ƙasashen da suka gina masana'antu suka tashi a tutar babu sun fi waɗannan yawa nesa ba kusa ba. Don haka tambayarka gida biyu ce: me masana'anta ke yi wa ƙasa, sannan me ya sa ta yi wa wasu ta ƙi yi wa wasu.

Mu fara da abin da ake nufi da bunƙasar tattalin arziki, domin nan ne ake yawan ruɗewa. Ƙasa tana arziki ne idan abin da mutum ɗaya ke samarwa a yini guda ya ƙaru. Shi ke nan. Ɗauki gidan da ke da kadada biyu da samari biyar. Aikin da ke gonar na mutum biyu ne, amma su biyar ɗin ke yinsa, domin babu inda sauran za su je. In uku suka tafi, buhun geron da za a girbe ba zai ragu sosai ba. Masanin tattalin arziki Arthur Lewis, mutumin tsibirin Saint Lucia wanda ya samu kyautar Nobel a 1979, a kan wannan ya gina nazarinsa na 1954. Ya nuna cewa ƙasa matalauciya cike take da hannayen da ba su da cikakken aiki, kuma ranar da aka ɗauke su aka tsayar da su gaban inji, abin da ƙasar ke samarwa zai ninka ba tare da gona ta yi asara ba. A wurinmu samarin nan uku suna barin gonar, amma ina suke zuwa? Acaɓa, turin baro, tallan katin waya, ga-ruwa. Sana'o'i ne na halal, sai dai mai acaɓa na bana ba ya ɗaukar fasinja fiye da na shekara ashirin da suka wuce. Aikin ba shi da matakalar da za a hau.

Masana'anta tana da matakala. Yarinyar da ta gama firamare kawai za a iya koya mata keken ɗinki na lantarki cikin 'yan makonni, ta shiga layi, abin da take samarwa ya ninka na ƙauye sau da yawa. Banki ko kamfanin sadarwa ba za su iya yi mata haka ba, su masu digiri suke nema, kuma kaɗan. Ga kuma maganar kasuwa. Wanzami komai iyawarsa kan mutanen unguwarsu kaɗai zai aske, in su matalauta ne shi ma haka zai zauna. Amma riga ko takalmi ko batir ana loda su a jirgi a kai wa mai kuɗi a ko'ina yake a duniya, don haka talaucin maƙwabta ba ya daƙile mai ƙera su. Da kuɗin wajen da aka samu ake sayo sababbin injuna, a ƙara hawa.

Sai kuma abin da ni na fi ba wa muhimmanci, wanda ba ya fitowa a alƙaluma: masana'anta makaranta ce. A cikinta jama'a ke koyon zuwa aiki kan lokaci, auna abu daidai har zuwa milimita, gyaran inji kafin ya lalace, lissafin abin da kowane yadi ya ci. Labarin Bangaladash ya isa misali. A 1979 wani sabon kamfanin ɗinki mai suna Desh ya ƙulla yarjejeniya da Daewoo na Koriya, wanda a lokacin yake neman inda zai riƙa ɗinka kaya saboda ƙasashen Yamma sun ƙayyade wa Koriya yawan tufafin da za ta shigar musu. Aka kwashi ma'aikata 130 aka kai su Koriya horo na 'yan watanni. Cikin shekaru kaɗan 115 daga cikinsu suka bar Desh, wasu suka buɗe nasu kamfanonin, wasu suka je suka shugabanci na wasu. Ga mai kamfanin asara ce, ga ƙasar kuwa iri ne aka watsa. Yau ɗinkin tufafi yana ɗauke da mutum wajen miliyan 4, akasarinsu mata, yana kawo fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke samu daga fitar da kaya, kusan dala biliyan 40 a shekara. Abin da zai ba ka haushi, Bangaladash ba ta noma audugar kirki. Sayowa take yi, har daga Benin da Mali da Burkina Faso.

Wannan ya kawo mu ga ɗanyen kaya. Riɗin Jigawa, zoɓon Maigatari, cittar Kaciya, fatar da ake jemewa rabi-da-rabi a Kano a tura Italiya, duk hanya ɗaya suke bi: a fitar da su da arha, a dawo mana da su da tsada. Ghana da Kwaddibuwa suna noma fiye da rabin kokon duniya, amma abin da ke isa hannun manomi daga kuɗin cakulan ɗan ƙalilan ne. Ban da arha, farashin ɗanyen kaya ba shi da tabbas. Duk wanda ya ga yadda faɗuwar farashin mai a 1986 da ta 2014 suka girgiza Najeriya ya san ba a tsara makomar ƙasa a kan abin da wasu ke yanke wa farashi. Shi man ma, duk da yana kawo mafi yawan kuɗin wajenmu, mutanen da yake ɗauka aiki ba su taka kara sun karya ba.

To, me ya kashe namu?

Ka fara sanin cewa masaƙun Kaduna sun yi aiki, kuma sun yi shi shekaru da dama. An buɗe Kaduna Textiles a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Bayanta aka samu Nortex, da UNTL ta 'yan kasuwar Hong Kong, da Arewa Textiles ta Japanawa. Hikimar a fili take: ga auduga a Funtuwa da Gusau da Zariya, ga jirgin ƙasa, ga kogi, ga masu sayen atamfa da akoko. Wanda ya san Kakuri a wancan zamani ya san me ake nufi da masana'anta ta raya gari. In jiniya ta yi kuka aka tashi masu aikin safe, titi cika yake da kekuna. Mai abinci, mai gidan haya, tela, mai gyaran keke, direban da ke kawo auduga, manomin da ke can Malumfashi, kowa yana ci daga albashin nan. Haka Bompai da Sharaɗa da Challawa suke a Kano. Ita Kano ma ba baƙuwar saƙa ba ce, don Baturen nan Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya tarar ana kai tufafin da aka saƙa aka rina a Kano har Timbuktu da Tarabulus.

Rauninsu yana cikin tubalin da aka ɗora su a kai. Tsarin da aka bi, a nan da akasarin Afirka da Kudancin Amurka, shi ne a hana shigo da kaya ko a tsawwala musu kuɗin fito, domin kamfanin gida ya samu kasuwa. Wannan ba laifi ba ne a karan kansa, Amurka da Jamus ma da kariya suka fara. Matsalar ita ce kariyar ba ta da sharaɗi, ba ta da wa'adi. Kamfani yana da kasuwar da aka kulle masa, ko kayansa sun yi kyau ko ba su yi ba za a saya, to don me zai wahalar da kansa? Kamfanonin haɗa motoci sun fi nuna wannan: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauci, Fiat a Kano. Akasarin sassan a akwati suke zuwa daga Turai, mu namu ɗaurewa. Muddin akwai dalar mai, komai lafiya. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, wanda ya sa sayo kaya daga waje ya yi arha, sayar da namu a waje kuma ya zama kamar ba zai yiwu ba. Da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, lasin shigo da kaya ya zama sai mai uwa a gindin murhu, injuna suka tsaya saboda rashin kayan gyara. Da aka kawo tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 aka karya naira, dala ta koma wajen naira 4 cikin shekara guda, kuma duk masana'antar da ke numfashi da kayan waje ta shiga uku.

Masaƙu sun fi masu haɗa motoci jurewa, tunda audugarsu ta gida ce. Abin da ya gama da su taron dangi ne. An rushe hukumar cinikin auduga a 1986 ba tare da an tanadi wanda zai kula da iri da inganci ba, auduga ta lalace. Wuta ta zama sai an ga dama, kowace masaƙa ta koma kan janareta. Baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuya da matatar Kaduna ta fara ciwo. An ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, atamfar Caina mai kwaikwayon zanen namu ta riƙa kwararowa ta Kwatano da Maraɗi har Kantin Kwari. Injunan da ba a sabunta ba tun shekarun 1970 ba za su iya wannan kokawa ba. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Mutane sukan ɗora laifin duka a kan fasa-ƙwauri, amma ni ina ganin ɗan fasa-ƙwauri ya tarar da mara lafiya ne a kwance.

Yanzu ka ɗora Ajaokuta kusa da Pohang, garin da Koriya ta Kudu ta gina nata kamfanin ƙarfen. A ƙarshen shekarun 1960 Koriya ta Kudu ta nemi rancen gina kamfanin ƙarfe, Bankin Duniya ya ce ba zai yi riba ba. Kuma a takarda yana da hujja, domin ƙasar ba ta da isasshiyar tama, ba ta da irin kwal ɗin da ake narka ƙarfe da shi. Suka karkatar da wani kaso na kuɗin da Japan ta ba su bayan yarjejeniyar maido da hulɗa ta 1965, suka kafa POSCO a 1968, ƙarfe ya fara fita a 1973. Suka gina shi a bakin teku domin jiragen tama su sauke a ƙofar gida, kuma ga masu saye suna jira: masu ƙera jiragen ruwa a Ulsan, masu motoci, masu gine-gine. Mu kuwa an ba kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilar Ajaokuta a 1979, ga tama a Itakpe kusa da shi, an kashe biliyoyin daloli, amma babbar tukunyar narka tamar ba a taɓa hura ta ba har yau. Kamfanonin murza ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo, waɗanda aka gina domin su karɓi ɗanyen ƙarfe daga manyan kamfanonin gida, suka zauna jiran gawon shanu.

Duka biyun gwamnati ce ta gina, don haka masu cewa matsalar ita ce sa hannun gwamnati ba su gama bayani ba. Bambancin yana wajen horo. Gwamnatin shugaban Koriya Park Chung-hee ta ba kamfanoni rance mai sauƙin ruwa, ta kare musu kasuwar gida, ta ba su dala. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: sai ka fitar da kaya waje ka sayar. Kowane wata shugaban ƙasa da kansa yake zama da ministoci da masu kamfanoni a duba wa ya cika alƙawari. Wanda ya kasa, rance ya yanke. Dabarar a nan ita ce kasuwar waje alƙali ce da ba ta karɓar cin hanci. Kana iya shafa wa jami'in ma'aikatar ciniki ya rubuta cewa kamfaninka na ƙoƙari, amma ba ka isa ka sa mai shago a Amurka ya sayi rigar da ɗinkinta ya karkace ba. Kuma ba da ƙarfe suka fara ba. Da gashin kanti suka fara, da falankin katako, da tufafi. A 1964 abin da suka fitar dala miliyan 100 ne, har suka ware ranar biki saboda murna. A 1977 ya kai dala biliyan 10.

Kada ka ɗauka labarin duk zuma ne. Park mulkin kama-karya ya yi, an danne ƙungiyoyin ƙwadago, 'yan mata sun yi aikin awa goma sha huɗu a ɗakunan da ba a iya miƙewa tsaye. A 1970 wani matashin tela, Jeon Tae-il, ya cinna wa kansa wuta a Seoul yana kiran a mutunta dokar aiki. A Bangaladash ginin Rana Plaza mai ɗauke da kamfanonin ɗinki ya rufta a watan Afrilun 2013, ya kashe mutum fiye da 1,100. Wanda ya taɓa wucewa ta inda ruwan majemu ke malala a Challawa ya san nasa kason na wannan farashi. Duk mai yi maka wa'azin masana'antu bai ambaci waɗannan ba, talla yake yi.

Dubai da ka kawo birni ne na mutum 'yan miliyoyi, mafi yawansu baƙi, wanda ya zama tasha tsakanin nahiyoyi uku. Ko ita tana da katafaren kamfanin narka alminiyam tun 1979. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ba za ta rayu da zama tasha ba. Indiya kuwa aikin kwamfuta ya kawo mata kuɗi da suna, amma mutanen da yake ɗauka wajen miliyan 5 ne a ƙasar da ta haura biliyan 1.4, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na ma'aikatanta har yanzu suna gona. Shi ya sa ita da kanta ta ƙaddamar da shirin jawo masana'antu a 2014. Botsuwana ta riƙe kuɗin lu'ulu'unta da amana, ta yi arziki daidai gwargwado, amma rashin aikin yi ya ƙi sauka.

Akwai misali na gida da ya kamata ka yi nazari da kanka, wato siminti. A 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas wata da watanni. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta ce ba za a ba kowa lasin shigo da siminti ba sai wanda ya nuna yana gina masana'anta a gida. Ka ga an sa sharaɗi, kuma ya yi aiki: aka gina kamfanin simintin Obajana, aka faɗaɗa wasu, cikin shekara goma da 'yan kai ƙasar ta daina dogaro da na waje. Sai dai kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwar, kuma mai gini bai ga sauƙin farashin da aka yi masa alƙawari ba. An sa sharaɗin zuba jari, an manta da na gasa. Siminti da matatar mai kuma injuna suka fi ci, ba mutane ba, don haka kada a sa ran su kwashe samarin da ke zaune a bakin titi.

Dole kuma in gaya maka cewa ƙofar da Koriya ta bi ta ƙara ƙunci. Sin ta mamaye kasuwar kaya masu arha, injuna kuma suna ƙara cin aikin hannu. Masanin nan Dani Rodrik ya nuna cewa ƙasashe masu tasowa na yanzu masana'antunsu kan fara ja da baya tun ba su kai ko'ina ba. A Koriya sai da fiye da rubu'in ma'aikata suka kasance a masana'antu kafin adadin ya fara sauka, a Indiya kuwa ko kashi 15 cikin 100 bai kai ba. Habasha ta gwada bin sawun Asiya da gaske, ta buɗe unguwar masana'antu ta Hawassa a 2016, ta jawo manyan kamfanonin tufafi da wuta mai arha da albashin da bai kai dala 30 a wata ba. Ma'aikata suka riƙa gudu saboda kuɗin ba ya riƙe su, sannan yaƙin Tigray ya sa Amurka ta cire ƙasar daga tsarin AGOA, na shigar da kayan Afirka Amurka ba tare da kuɗin fito ba, a farkon 2022, masu saye suka janye. Duk da haka Biyetnam, wadda ta fara gyare-gyarenta a 1986, shekarar da muka fara SAP, yau tana cikin manyan masu haɗa wayoyin hannu a duniya. Ga kuma kasuwar bai-ɗaya ta Afirka da aka fara a 2021, wadda in ta tsaya da ƙafarta za ta ba mai ƙera takalmi a Kano ko Aba masu saye da yawa ba tare da ya yi gogayya da Sin a Turai ba.

Abu na ƙarshe da ake yawan tsallakewa shi ne gona. Lokacin da gwamnatin Nkrumah a Ghana ta nemi shawarar Lewis kan kafa masana'antu a 1953, abin da ya sa a gaba shi ne a fara gyara noman abinci. Dalilinsa a bayyane yake: in abinci ya yi tsada dole albashi ya yi tsada, in manomi ba shi da kuɗi babu mai sayen abin da aka ƙera. Koriya da Taiwan sai da suka raba wa manoma filaye a wajajen 1950, Sin ma da manoma ta fara a 1978 kafin ta buɗe yankin masana'antu na Shenzhen a 1980. In kana son ganin abin da ke faruwa idan aka riga malam masallaci, je ka Kadawa a jihar Kano. An buɗe kamfanin tumatirin gwangwani a can a 2016, wanda zai iya cinye tan 1,200 a yini. A shekarar ce tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Ebolar tumatir ta cinye gonaki. Bayan ta lafa ma, abin da kadada ke bayarwa ya yi kaɗan, tumatirin na 'yan watanni ne a shekara, kuma da farashi ya tashi a kasuwa manomi can yake kai kwandonsa. Injin sabo fil, amma ya fi daɗewa a kashe fiye da a kunne.

Saboda haka in za ka rubuta aikinka na ƙarshe a kan wannan batu, kada ka ƙirga yawan kamfanonin da aka yanke wa ƙyalle. Nemi masana'anta guda a Sharaɗa ko Challawa, ka zauna da manajanta, ka tambaye shi awa nawa yake samun wuta a yini, tunda ƙasar gaba ɗaya megawat dubu huɗu zuwa biyar take rabawa. Tambaye shi nawa dizal ke ci a cikin kowace naira ɗari da ya kashe, kwana nawa kwantenarsa ke yi daga Apapa zuwa Kano, kuɗin ruwa nawa banki ke karɓa a hannunsa, da ko ya taɓa sayar da ko katan ɗaya a wajen Najeriya. Sannan ka tambaye shi mutum nawa ne suka koyi aiki a wurinsa suka fita suka buɗe nasu.